Baba Cindo Mai Jarida da Sunayen da Ruwa Ya Ci

Idan aka idar da sallar asuba, Baba Cindo ba ya komawa gida. Yakan tura kekensa, don yanzu ya daina hawa, ya bi gefen kwalta har tashar motar Yelwa, ya zauna a bencin mai shayi yana jiran motar Kontagora. Shekara arba'in da biyar ke nan yana wannan jiran. A da ɗauri uku ake sauko masa da su daga saman mota, sai an kira mai baro. Yanzu direba ke miƙo masa ta taga: jarida shida a naɗe da roba, Litinin da Juma'a. Wani lokacin ma direban ya manta ya wuce da su Koko, labarin Juma'a ya iso ran Lahadi.

Daga tasha sai gindin darbejiyar da ke kan hanyar bakin ruwa. Can teburinsa yake. Ya shimfiɗa jaridun, ya danne su da ɗan dutsen niƙan Innarsa wanda ya sha hannu har ya yi santsi, ya zauna. Masu babur su wuce, masu kifi su wuce, kowa kansa a sunkuye kan waya. Su ce, "Baba, an tashi lafiya?" Ya ce, "Lafiya lau." Ba mai tsayawa.

Ƙarshen watan nan zai naɗe teburin. Idonsa ya tafi. Likitoci a Birnin Kebbi sun yi iya nasu, abin da ya rage masa shi ne manyan baƙaƙen kanun labarai, su ma sai ya kai takardar bakin hanci. Ba wanda zai yi masa walima, ba mai ba shi takardar yabo. Shi ya sa na ce bari in rubuta wannan. Na san a waya za ku karanta shi. Na kuma san kafin la'asar wani abu ya binne shi.

A gungu aka haife shi, wani tsibiri a tsakiyar kogin Kwara. Yau jiragen ruwa ke bi ta kan wurin. Yana ɗan shekara goma sha biyu wani malamin makaranta ya zo musu a kwalekwale, riƙe da jaridar Hausa da ake bugawa a Zariya, wadda aka fara tun gabanin babban yaƙin Turawa. Ya karanta wa dattawa cewa ana gina dam a Kainji, ruwa zai hau, gungu zai nutse. Suka yi dariya, suka ce Kwara ta san iyakarta tun zamanin kakanninsu. Mahaifin Cindo bai yi dariya ba. Ya ce a sake karanta masa. Aka sake. Ya ce a ƙara. Da rani ya fara tsallakar da hatsinsa da awakinsa zuwa tudu, mutane na yi masa kallon wanda ya taɓu.

Ruwan ya zo. Abin da Innarsa ta fara ɗauka dutsen nan ne.

Tun daga ranar Cindo ya ɗauki takarda da muhimmanci. Da ya girma ya shiga ajin yaƙi da jahilci, ya koyi boko, ya tsinci Turanci a bakin ma'aikata, sannan ya kafa tebur. Waɗanda suka riski teburin a ganiyarsa sun ce da hantsi ba ka samun wurin tsayawa. Masunta su hauro daga ruwa da jiƙaƙƙen wando, 'yan dako su ajiye kaya, tela ya rufe shago. Ta Hausa ya karanta da ƙarfi, ta Turanci ya fassara. A bakinsa aka ji ranar ɗaukar soja, da ranar jarrabawa, da zuwan taki. A bakinsa masu albasar bakin ruwa suke jin ko bana tafkin Kainji zai hau da wuri. Mutane da yawa a Yauri sun san an yi juyin mulki daga rediyo, amma abin da juyin yake nufi, a gindin darbejiya suka fahimta.

Tamada, makanikin injin jirgi, abokinsa ne tun samartaka. Shi ya ba ni labarin zamanin soja.

"Rannan anka taho da mota anka kwashe teburin kaf, wai jaridun sun zagi gwamnati. Suna juya baya Cindo ya miƙe, ashe shina zaune bisa guda. Ya kakkaɓe ta, ya ce mu matso."

Baba Cindo na jinsa. Ya ce, "Kai dai faɗi naka. Shekara talatin kana karatun kyauta, ko shafi guda ba ka taɓa saye ba."

"Mi zan yi da ita? Allah ya ba ni rediyo mai gemu."

Doka biyu gare shi, duk wanda ya zauna da shi ya san su. Ta farko ta tebur ce. Abin da ke takarda shi yake faɗi, ba ƙari, ba ragi. In ya kai ƙarshen labari, ko da mutane na son jin ci gaba, sai ya ce, "Nan jarida ta tsaya." An sha lallashinsa lokacin zaɓe ya ɗan ƙara gishiri. Bai taɓa yi ba.

Ta biyu ta gida ce. A sana'ar jarida, wadda ba a saya ba akan yanke mata kai, wato saman shafin farko inda suna da kwanan wata suke, a mayar wa kamfani shaida. Gangar jikin ta zama shara. Ita ake ba mai ƙosai da mai tsire da masu shirya busasshen kifi a kwali. Shi kuma duk jaridar da ta ambaci Yauri ko Ngaski ko Shanga, yakan ware ɗaya cikakkiya ya sa a akwatin ƙarfe. Don haka ko ƙaramin yaro a gidansa ya haddace: mai kai ba a taɓawa, marar kai a ɗauka.

Shekara goma sha ɗaya da suka wuce, lokacin farin ruwa, sa'ad da tafki ke cika bayan damina, wani jirgin kasuwa ya taso daga ƙetare zai zo wani ƙauye a ƙasar Ngaski. Ya daki kututturen da ruwa ya ɓoye, ya tsage. A jiragenmu ba a rubuta sunan wanda ya shiga. Bayan kwana biyu jarida ta iso. Layi shida ne a shafin ciki: kimanin mutum ashirin.

Ya karanta wa jama'a. Wani daga baya ya ce, "Su wa da wa?"

Ya duba takardar, ya juya ta. Ya ce, "Nan jarida ta tsaya." Tamada ya ce bai taɓa jin maganar ta yi masa nauyi a baki ba irin na ranar.

Washegari ya bar wa Tamada teburin, ya ɗora kekensa a kwalekwale. Kwana tara yana bin tungayen masunta ɗaya bayan ɗaya, yana shiga gidajen makoki da tambaya ɗaya: wa ya fita ranar kasuwa bai dawo ba? Wasu suka ɗauka ma'aikacin gwamnati ne suka ƙi magana. Wasu suka kama hannunsa suka ƙi saki. Ya dawo da suna talatin da ɗaya. Ya rubuta, ya ba direba ya kai wa wakilin wata jaridar Hausa a Birnin Kebbi. Shiru. Ya sake aikawa. Shiru. A karo na uku aka buga su, can ƙasan shafi na goma sha ɗaya, kusa da tallar katifa. Ba a sa sunansa ba, bai kuma tambaya ba.

Daga makon rediyo ta daina cewa kimanin ashirin. Aka zo daga sama aka yi ta'aziyya, aka raba rigunan ruwa masu hana nutsewa. Rigunan damina ɗaya suka yi a jikin mutane, yanzu wasu a kansu ake zama a jirgi. An yi haɗurran da suka fi wannan muni bayansa, kowa ya sani. Amma sau ɗaya dai, mutanen da ruwa ya ci sun fito a takarda da sunayensu.

Baba, kai ne ka yi wannan. Da keke da biro.

Kwafi arba'in ya sa aka kawo masa. Talatin da ɗaya ya kai gida gida da kansa. Tara suka rage ba a saya ba, kuɗin biyansu kuma babu, sai ya yanke musu kai duka kamar yadda sana'a ta tanada, har wadda zai ware wa akwati, ya ajiye gangar. Shekaru suka tafi. A gidajen mamatan, wannan gara ta ci kwafinsa, wancan gobara, wancan ambaliya. Duk wanda ya zo, Baba ya zaro daga cikin taran ya ba shi. Har ta rage saura ɗaya, marar kai, a can ƙasan akwati.

Ita ce wata mata, Dudu, take zuwa dominta. Mijinta Hafizu shi ne na goma sha tara a jerin sunayen. Gawarsa ba ta taɓa tasowa ba. An yi masa salla babu shi, an watse. Dudu ba ta karatu, ko boko ko ajami. Da nata kwafin na biyu ya tafi a ruwa, ta ce, "Baba, ka riƙe wagga wurinka. Ni ba ni da kabarin da zan nuna wa ɗiyansa. Ka riƙe ta, ina zuwa." Duk shekara in farin ruwa ya shigo sai ta hau jirgi daga gefen Warra, ta bi ta kan ruwan da ya cinye shi, ta zo ta zauna a ƙarshen benci. Ya karanta mata daga na ɗaya har na talatin da ɗaya. Ya taɓa cewa bari ya tafi kai tsaye kan sunan Hafizu, ta ce a'a. Tare sunka tahi, a kira su tare.

Daminar bana, yana kwance a asibiti da ƙyalle a ido, kwanon ɗakinsa ya yi yoyo har cikin akwati. Ɗiyarsa Zakiyya ta kwashe jaridun ta shanya a tsakar gida, kwana biyu tana juya su kada su manne. Da suka bushe ta zauna ta tantance. Masu kai ta jera su a akwati bisa tsarin shekaru, yadda yake so. Marasa kai ta haɗa da tarin da ke zaure ta ba maƙwabciyarsu Esther, wadda ke shirya busasshen kifi a kwali zuwa Kudu, kuma ta shekara ashirin tana karɓar takarda a gidan.

Da ya dawo, akwatin ya fara nema. Ya zura hannu har ƙasa yana lalube.

"Zakiyya. Akwai guda marar kai nan ƙasa."

"Marasa kai duk na ba Esther, Baba. Ai kai ka ce..."

Ba ta ƙarasa ba, ta ga fuskarsa.

Ya daɗe hannunsa na cikin akwatin. Sannan ya ce, "Ni na ce. Dokata kinka bi. Tashi ki ɗora mana ruwan zafi."

Esther da ta ji, ko takalmi ba ta tsaya sawa ba. A gabansa ta kira mai karɓar kayanta a Onitsha. Matar ta yi dariya a waya, ta ce wa zai ajiye takardar da ta sha man kifi, an kwance kwalayen tun wata biyu. Esther ta durƙusa ta ce, "Baba Cindo, da na iya karanta Hausa da na gani." Ya ce ta tashi, ita ma ba laifinta.

An nema. Jaridar da ta buga sunayen ta daina fitowa shekara shida ke nan. Wakilinta ya rasu. Tamada ya bi direbobin jirgi ɗaya ɗaya su tambaya a tungaye ko akwai mai sauran kwafi, ba a samu ba. Ni ma na bincika a waya, inda ake cewa ba abin da ke ɓata. Na sami labarin haɗarin da Turanci. Kimanin mutum ashirin. Shi ne abin da duniya ta riƙe.

Farin ruwa ya shigo. Kowa a teburin ya san Dudu na tafe.

Tamada ya ja shi gefe ya ce, "Cindo, ka ji ni. Matar ga ba ta karatu. Ɗauki kowace jarida ka buɗe gabanta, sunayen suna kanka. Wa zai gaya mata?"

"In riƙe farashin siminti in ce mata ga mijinki?"

"Kai ma ai ba gani kake ba yanzu. Ko ta gaskiyar anka ba ka, da ka za ka karanta."

"Da ka zan karanta, amma tana nan."

"Taurin kan ga naka shi zai kashe ka. Abin da ya rage mata ke nan, ka ƙwace?"

Baba Cindo ya tura kekensa ya tafi gida. Zakiyya ta ce kwana uku bai taɓa tuwo ba sai kunu. Shekara arba'in da biyar bai ce wa kowa abu yana cikin takarda alhali babu ba. Amma Tamada ma bai yi ƙarya ba.

Juma'ar da ta wuce ta zo, da hantsi, da ƙullin busasshen kifi a leda kamar kullum. Ta gaishe shi, ta tambayi ido, ta zauna a ƙarshen benci. Zakiyya ce ta rako shi ranar, tana tsaye jikin darbejiya. Jaridu shida na kan tebur. Tamada ya tura masa ɗaya da ɗan yatsa har ta taɓa hannunsa.

Baba ya ɗaga dutsen ya mayar da ita ƙarƙashi.

"Dudu, takardar ta ɓata. Ba ta hannuna, ba ta hannun kowa. Amana kinka ba ni, ban riƙe ba."

Zakiyya ta buɗe baki, ya ɗaga mata hannu.

Dudu ba ta yi kuka ba. Ta kalli hanyar bakin ruwa. Ta gyara ƙullin kifin a cinyarta, ta sake gyarawa. Wani mai babur ya tsaya ya gaida Baba, ba wanda ya amsa, ya ja ya wuce.

Can ta ce, "To yanzu ba ya ko'ina ke nan."

Ta juyo wajen Baba.

Ta ce, "Baba, faɗe su haka nan. Na biyo ruwa."

Ya buɗe tafin hannunsa, ba komai a ciki, ya fara ƙirga da gaɓoɓin yatsu kamar mai tasbihi. Usman mai gishiri. Jabiru direban jirgin. Hajara matar liman, da ɗiyarta Zulai'atu. Nasiru da ƙanensa Faruk. Muryarsa ta tebur ce, wadda ba ta rawa. Goma sha biyun farko suka zo a jere. Daga nan ya fara tsayawa, ya koma baya, ya tsallake. Ya kai Hafizu ya faɗe shi a fili, Dudu ta runtse ido. Ya ci gaba. Da ya gama ya sake ƙirgawa. Ashirin da shida.

Ya sake daga farko. Ashirin da shida.

Ya ce, "Nan na tsaya."

Dudu ta ce, "Ka tsallake Zahra'u. Bayan Hafizu Zahra'u kake cewa, mai fura. Kullum ita nake ji in na buɗe ido."

Ya ce, "Zahra'u mai fura. Allah ya yi miki albarka. Ashirin da bakwai."

Zakiyya ta matso ba tare da an kira ta ba. Ta zaro jarida ɗaya daga ƙarƙashin dutsen, ta ari biron Tamada, ta ce su sake faɗi a hankali. A farin gefen shafin farko ta rubuta su, daga sama har ƙasa, ta zagayo. Ta sa lamba har talatin da ɗaya. Huɗu suka zauna ba komai a gabansu. Baba ya shafa saman shafin ya tabbatar kan yana nan. Ya ce, "Wagga ba a yanke ta."

Dudu ta ajiye masa kifin ta tafi kama jirgin azahar. Ba ta ce sai baɗi ba. Baɗi babu tebur.

Ban san abin da zan ce in faranta muku rai ba. Jarida ta zo ƙasar nan ta gaya wa kakanninmu ruwa na tafe. Ta yi zamaninta, ta yi gaskiya, ta yi ƙarya, an kama ta, an sake ta. Yanzu ga ta shida a naɗe da roba. Mu kuma labari ya yi mana yawa har ba mu riƙe ko ɗaya. Jirgi ya kife da safe, kafin azahar hoton ya zaga duniya, kafin magariba an koma gardamar ƙwallo. Kowa ya rubuta Allah ya jiƙansu. Ba mai hawa kwalekwale ya je ya tambayi su wa.

Baba Cindo, Bagungen da ruwa ya kora daga gida bai kore shi daga bakin ruwa ba. Kai ne ka karanta wa waɗanda ba su iya ba, ba ka taɓa cin amanar kunnensu ba. Kai ne ka ƙi yarda a ce kimanin a kan 'yan Adam. Da aka miƙo maka ƙarya mai sauƙi, wadda ba mai kama ka, ka mayar da ita ƙarƙashin dutse. Mun gode. Ba mu saya ba, ba mu tsaya ba, mun wuce ka da waya a hannu, amma mun gode. Allah ya saka maka, ya sa hasken da ya bar idonka ya jira ka a gaba.

Ku kuma da ke karantawa, ba zan ce ku zama kamarsa ba, na san ba za mu iya ba. Ƙaramin abu nake roƙo. In kai ɗan Ngaski ne, ko Warra, ko wata tunga a bakin tafki, ajiye wayar nan ka shiga wurin Innarka. Tambaye ta wa ya tafi kasuwar ƙetare da farin ruwa, shekara goma sha ɗaya da suka wuce, bai dawo ba. In ta faɗi suna, kawo shi gindin darbejiya. Teburin na nan Litinin da Juma'a har ƙarshen wata. Zakiyya na riƙe da biro.

Saura huɗu.